Layi Biyu

A kasuwar waya ta Farm Center na saye ta,
ranar Laraba, saura kwana tara in hau jirgi.
Ɗanliti ya hura mata iska, ya goga a hannun rigarsa,
ya ce, "Hajiya, wannan ko bakin teku kika kai ta sai ta kama."
Na taya, ya ce albarka, na sake tayawa.
Ya yi mini gyara da riga mai ruwan goro.

To, ga mu a bakin tekun, Ɗanliti,
a Sunderland, inda rana ke tashi daga aiki tun la'asar.
Ta kama, ban ce ka yi ƙarya ba.
Zancen sanyi ne ba ka yi mini ba:
in fito da ita cike kamar tulu,
kafin bas ta iso ta suma a tafin hannuna.
Yanzu a ƙirji nake ɗumama ta, cikin rigar sanyi,
kamar bakwaini.

Cajarta ƙafa biyu, bangon nan baki uku.
Da murfin biro nake lallashinsa ya buɗe.

Ɗaki biyu ne a cikinta.
Ɗaya na ba layin nan haya,
shi ke tashi na: gidan tsofaffi na neman mai aikin dare,
kuɗin wuta ya fito, mai gida na gaisuwa.
Ɗayan layin gida ne. Ba ya aikin fari bare na baƙi,
yana zaune kamar baƙon da ba ya jin yaren gari.
Duk wata sai na roƙi Sagiru ya sa masa katin ɗari biyu,
kada kamfani ya zaci na mutu ya ba wani lambata.
Maureen ta ce, me kike yi da shi?
Na ce banki ne ke turo saƙo.
Ban ce mata ita kaɗai Baba ya haddace ba,
yana jan ta kamar carbi,
sifili takwas, sifili uku, ya tsaya ya yi tari.

Daren wata Asabar mutanen nan suka ja agogo baya,
wayar ta bi su ba ta shawarce ni ba.
Na farka gida ya ƙara nisa da awa guda.
Ladaninta dai ya ƙi ƙaura:
yana kiran Magaribar Gwammaja
alhali nan duhu ya daɗe da shimfiɗa tabarma,
Mista Pearson ya ɗago daga matashi,
ya ce wane ne ke kuka a aljihunki?

Jiya manaja ta ce kowa ya sauke manhajar aiki.
Wayar ta ce babu wuri.
Na share hotunan suna, na share wa'azin da aka turo sau shida,
da barka da Juma'a mai furanni.
Ta ce da saura.
Saura muryar Baba, saƙo arba'in da ɗaya.
A rabinsu bai san an fara ɗauka ba:
ana jin akuya, ana jin rediyo,
yana ce wa Sagiru, "Nan zan danna?"
Na ƙarshen daƙiƙa tara ne.
"Kina dai cin abinci ko? To. To, shi ke nan."
Wata bakwai ke nan da aka kai shi makwanci.

Yaron shagon gyara ya ce abu mai sauƙi,
a ɗora su a gajimare.
Na leƙa ta gilashi na dubi gajimaren garin nan,
wanda bai taɓa riƙe komai ba,
kullum zuba yake.

Na ce wa manaja wayata tsohuwa ce,
a ba ni takarda in riƙa sa hannu.
Biro kam ina da shi,
murfin ne na baro a bango.

A bas ɗin asuba na zaro ta da ɗuminta.
Saura kashi huɗu.
Ya ishe mu daƙiƙa tara.